Wankin Kujerun Zaurukan Taro da Ilimin Yanke Musu Farashi

 Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na faɗakarwa a kan sana'o'i da hanyoyin neman halali.

Duk wanda ya yi wayo shekaru talatin ko arba'in da suka shige ya san cewa biki da suna da walima, a galibin garuruwan ƙasar Hausa, a gida ake yin su ko a ƙofar gida, bisa tabarmi da dardumai waɗanda in an tashi sai a kakkaɓe, a naɗe, a jingine a zaure. Amma yau, tun daga Kano da Kaduna da Zariya har Sakkwato da Abuja, da Maraɗi da Yamai a ƙetaren iyaka, da wuya mutum ya ratsa babbar unguwa bai ga zauren biki ba, ko otal mai ɗakin taro, ko gidan cin abinci, kuma a cikin kowannensu ga kujerun kushin nan jere sahu-sahu, ɗari biyu, ɗari biyar, wani wurin ma har fiye da dubu. In aka haɗa da na gidajen sinima, da ɗakunan lacca na jami'o'i, da wuraren jira na bankuna da asibitoci, sai a tarar dukiya ce mai tarin yawa, wadda jama'a ke zama a kanta dare da rana, ana ci ana sha, alhali ba ta shiga bahon wanki, ba ta kuma hawa igiyar shanya. Daga nan ne sana'ar wankin kujeru ta samo tushe, kuma samarinmu da dama sun rungume ta, wasu da ilimi, wasu da ƙarfin hali kawai.

Maƙasudin zancenmu na yau guda ɗaya ne, shi ne cewa wanke kujera ɗaya daban, wanke ɗari shida daban, domin duk kuskuren da bai taka kara ya karya ba a kan kujera ɗaya, ko na sabulu ne, ko na ruwa, ko na lissafin kuɗi, idan ya maimaitu sau ɗari shida ya zama asara mai karya jari. Saboda haka wanda bai san haƙiƙanin aikin ba, ba shi da ikon yanke masa farashi na adalci, sai dai ya zalunci mai kaya ko ya zalunci kansa. Za mu fara da aikin, sa'an nan mu gangaro ga kuɗin, domin shi kuɗin daga aikin yake fitowa.

Kujerar kushin hawa uku ce: akwai yadin da ido ke gani, akwai soson da ke ƙarƙashinsa, akwai kuma ƙashin kujerar, na katako ko na ƙarfe, tare da ƙusoshi da 'yan wayoyin da aka ɗaure yadin da su. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da tasa ɗabi'ar idan ya haɗu da ruwa. Yadin roba, irin su nailan da foliyesta, wanda shi ne ya fi yawa a zaurukan biki, yana jure ruwa da sabulu, amma yana da son maiƙo. Auduga da lilin sukan tsuke, kuma idan aka cika musu ruwa da sabulu mai kaifi, sai su bushe da wani irin ja-ja-ja a gefe. Ulu da siliki ba sa shiri da sabulu mai ƙarfi ko kaɗan. Karan-miski yana da gashi mai kwanciya, wanda in ba a taje shi fuska ɗaya tun yana da danshi ba, sai ya bushe da shatin hannun mai wanki. Leda kuwa da fata ba a jiƙa su, gogewa ake yi da tsumma mai ɗan danshi, ita fatar kuma a bi ta da man da zai hana ta tsagewa.

Kujerun da ake shigo da su daga waje, musamman masu bin tsarin Amurka, sukan zo da wata 'yar takarda a ƙarƙashin mazauni mai ɗauke da harafi: W na nufin a wanke da ruwa, S na nufin ruwa bai dace ba sai sinadarin wankin bushewa, WS na nufin kowanne ya halatta, X kuma na nufin kada a sa komai face buroshi da injin zuƙar ƙura. To, da yake galibin kujerun da kafintocinmu ke haɗawa ba su da wannan takarda, wajibi ne mai wanki ya yi nasa gwajin: ya sami farin ƙyalle, ya ɗiga masa sabulun da ya yi niyyar aiki da shi, ya danna a bayan kujera ko ƙarƙashinta inda ido ba ya kai wa, ya dakata kaɗan, sa'an nan ya ɗaga ya duba. In launin yadin ya biyo ƙyallen, to, yadin yana zuba, sai a sake dabara tun kujera ɗaya ce a hannu.

Aiki na farko, wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa, shi ne fitar da busasshiyar ƙura kafin ɗigon ruwa ya taɓa yadi. Mu nan ba baƙin ƙura ba ne, domin daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta shigo da ita ta kowace kafa, ta zauna a cikin saƙar yadi. Kuma ƙurar nan, muddin tana bushe, fitar da ita abu ne mai sauƙi, amma da zarar an zuba mata ruwa ta zama taɓo, ta nutse cikin soso. Abin sha'awa shi ne, injin zuƙar ƙurar kansa a kan kujera aka taɓa gwada hikimarsa. An ruwaito cewa wani injiniya ɗan Ingila, Hubert Cecil Booth, ya shimfiɗa hankici a kan kujerar wani gidan cin abinci, ya kafa baki ya zuƙa, da ya ɗaga ya ga baƙin dattin da ya maƙale a jikin hankicin, sai ya tabbata cewa zuƙa ta fi hurawa. A 1901 ya yi rajistar injinsa, wanda doki ke ja saboda girmansa, a 1902 kuma da shi aka share dardumar majami'ar Westminster gabanin naɗin Sarki Edward na Bakwai. Wanda ba shi da halin sayen babban inji ya fara da ƙarami, amma kada ya fara da bokiti.

Bayan ƙura sai wanki, shi kuwa wanki yana da rukunai huɗu, kamar yadda wani masanin sinadarai Bajamushe mai suna Herbert Sinner, na kamfanin Henkel, ya tsara su a 1959: sinadari, da zafi, da lokaci, da gurza. Ƙa'idar ita ce duk rukunin da aka rage, sai an ƙara wani ya cike gurbinsa. Wannan ita ce hikimar da ke raba gwani da ɗan koyo a aikin kujeru masu yawa, domin gwani yakan fesa wa sahu guda sabulu, ya bar shi ya jiƙa kamar minti biyar zuwa goma yana narkar da datti, shi kuwa yana can yana aiki a wani sahun, ta yadda lokaci ya ɗauke masa rabin wahala. Ɗan koyo kuwa, da yake ba ya jira, sai ya ninka sabulu ya kama dirza da ƙarfi har yadin ya yi gashi. A nan ya kamata a san cewa sabulai suna da ma'auni daga 0 zuwa 14, inda 7 yake tsakiya; ƙasa da haka ɓangaren tsami ne, irin na lemon tsami da ruwan khal, sama da haka kuma ɓangaren kanwa da toka da soda. Garin sabulun wankin tufafi yana can ɓangaren kanwa, ga yawan kumfa, shi ya sa bai dace da kujera ba, balle ta ulu.

Sai mu zo ga tabo, wanda kowane iri da maganinsa, kuma mai wanki ya kamata ya karanta shi kafin ya taɓa. Ku ɗauki kujera ɗaya daga zauren da aka yi walima jiya. A saman majingini akwai wani duhu mai sheƙi, wannan man gashi ne da zufa da turare mai maiƙo. A mazauni ga jan shatin manja daga miya ko dafa-duka, ga ɗigon zobo, ga farin bushin fura da nono, a ƙarƙashi kuma ga cingam da wani yaro ya manna. Manja da man gyaɗa suna son sinadari mai narkar da maiƙo da ɗan ɗumi. Nono da ƙwai da jini kuwa ruwan zafi dafa su yake yi su kama zare, don haka da ruwan sanyi ake fara musu, a bi da sabulu mai sinadarin enzayim, in ba haka ba bayan kwana biyu tsami ya taso daga cikin soso. Zobo da shayi da goro ɓangaren tsami suke so. Wanda ya ɗora wa zobo sabulu mai kanwa zai ga jan ya rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi ko kore a gaban idonsa. Cingam da ƙanƙara ake daskarar da shi a ɓamɓare. Lalle kuma rini ne, in ya kama ulu ko siliki ko fata da wuya ya fita, kuma gaskiya ita ce a faɗa wa mai kaya haka tun farko. Ƙa'ida ɗaya ta game su duka: dannawa ake yi da farin tsumma, daga gefen tabo zuwa tsakiyarsa, ba a cuɗawa.

Injin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne mai fesa ruwa ya kuma zuƙe shi nan take, kuma amfaninsa mafi girma yana ga ɗauraya, domin sabulun da aka bari a cikin yadi yakan bushe da danƙo ya riƙa kama ƙura, har mai zaure ya ce tun da aka wanke kujerun nan suka fi saurin datti. A nan ilimin sana'a ya haɗu da ilimin fiƙihu. Kujerar taro ba ta rasa fitsarin jariri ko jini, kuma malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin gushewar ainihin najasa da gushewar hukuncinta, suka ce hukuncin ba ya gushewa sai da ruwa muɗlaƙi, wato wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita da wani abu kamar sabulu ba. Ashe ke nan wanda ya kammala aikinsa da ɗauraya da tsabtataccen ruwa ya sami tsabta ya kuma sami ɗahara, ya kare yadi, ya kuma kare tufafin Musulmin da zai tashi daga kujerar ya nufi masallaci.

Mataki na ƙarshe shi ne bushewa, kuma a nan ne akasarin kwangiloli ke lalacewa. Yadi ake wankewa, ba soso ba. Idan ruwa ya ratsa ya cika soso, ƙusoshi sukan yi tsatsa su ɓata yadin, fentin katako ya zuba, sa'an nan dattin da ke can ƙasa ya biyo danshi ya hauro sama yayin bushewa, kamar yadda lagwani ke jawo kananzir, sai a wayi gari tabon da aka ga ya fita jiya ya dawo. Abin da ya jiƙe kuma ya yi kwana ɗaya zuwa biyu bai bushe ba, funfuna tana iya kama shi, warinta kuwa ya fi dattin farko muni. Saboda haka a yawaita zuƙa, a rage fesawa, a buɗe tagogi, a jera fankoki, kada kuma a ɗora kujera kan kujera sai an sa bayan hannu an ji ta bushe ƙarau. Aikin da zai bushe cikin 'yan sa'o'i a hunturu yana iya kwana da danshi a watan Agusta, wajibi ne kuwa mai yanke farashi ya san a wane watan yake magana.

Kafin mu bar wannan babi, ga gargaɗi a kan rai da lafiya. Kada a haɗa bilic da ruwan khal, ko da wani sabulu mai amoniya, domin iskar da ke tashi daga haɗin guba ce. Kada a wanke maiƙo da fetur a cikin rufaffen zaure. Janareta a waje ake ajiye shi, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Haka kuma a duba ɗinki da lungunan kujeru saboda kuɗin cizo, wanda ba ya tsoron birni ko arziki, tun da a watannin Satumba da Oktoba na 2023 maganarsa ta cika birnin Faris, ana ta kokawa da kujerun sinima da na jiragen ƙasa. Tururin da ya kai zafin digiri 60 yana kashe shi da ƙwayayensa. Amma fesa fiya-fiya a kan abin da mutane za su zauna a kai ganganci ne, kuma tun a 2019 hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin taƙaita sayar da irin wannan guba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa a kan sana'o'i, yanzu kuma za mu shiga babin farashi.

Yadda abin yakan faru shi ne manajan zaure ya bugo waya ya ce, "Malam, kujeru ne wajen ɗari shida, ba su yi wani datti ba, faɗi gaskiyarka nawa za ka yi mana." Amsar mai hankali ita ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in zo in gani tukuna." Hausawa sun hana cinikin biri a sama, shari'a kuma ta hana garari, wato ƙulla ciniki a kan abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kuma sharaɗin ingancin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, shi ne aikin ya zama sananne, ladan ma ya zama sananne. Idan ya je, ya ƙirga kujerun da kansa, domin "wajen ɗari shida" takan zama ɗari bakwai. Ya rarraba su gida-gida, masu mazauni kaɗai, da masu mazauni da majingini, da masu hannu, da dogayen kujerun manyan baƙi, waɗanda ake lissafa su da adadin mazauni. Ya ware masu ƙaramin datti da masu babba da waɗanda suka riga suka yage ko suka ƙone. Ya tambaya ko a kafe suke a ƙasa kamar na sinima, inda sai an durƙusa a tsakanin sahu, ko kuwa ana ɗaga su. Ya san ko zauren a bene yake, ina ruwa yake, na famfo ne ko sai an kira 'yan garuwa, wa zai ba da wuta, kuma yaushe ne taro na gaba, domin aikin dare da aikin gaggawa ladansu daban.

Sa'an nan ya nemi a ba shi kujeru goma, ba masu kyan ciki ba, a haɗa da munana, ya wanke su yana duban agogo. Wannan gwaji shi ne mizanin kwangilar duka, domin yana nuna wa mai kaya iyakar abin da zai samu, yana kuma nuna wa mai aiki iyakar abin da zai kashe. Bari mu buga misali, kuma alƙaluman da za ku ji na koyarwa ne, kowa ya sa na garinsu da na zamaninsa. A ƙaddara mutum biyu da inji ɗaya sun gama kujeru goma a minti 70, wato minti 7 kowace kujera. Kujera 600 ta zama minti 4,200, wato sa'a 70. A ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda jan kujeru, da zubar da ruwan datti, da salla, da cin abinci, ya zama sa'a 84. Idan akwai inji uku da ma'aikata shida, kowane rukuni yana aikin sa'a 7 a yini, to aikin kwana 4 ne. Yanzu ku dubi wanda ya tsaya daga bakin ƙofa ya kintata minti 5: lissafinsa zai ba shi sa'a 50 maimakon 70, minti biyun nan da ya raina sun cinye masa sa'a 20, kusan yini guda na ma'aikatansa gaba ɗaya, wanda zai biya daga aljihunsa.

Daga lokaci sai a koma kuɗi. Mutum shida a kwana huɗu yinin aiki 24 ke nan. In ladan yini naira 8,000 ne, ya kama 192,000. A sa sabulai da ruwa 90,000, man janareta 80,000, kuɗin mota da ɗauko kaya da mayar da su 60,000, sa'an nan 48,000 na tsufan inji, wanda yawancin masu sana'a ke mantawa da shi sai ranar da inji ya tsaya ba kuɗin gyara. Jimla 470,000. A ajiye 30,000 saboda tabon da zai dawo a sake zuwa, ya zama 500,000. A ɗora riba kashi ɗaya cikin biyar, wato 100,000, farashi ya tashi 600,000, kowace kujera naira 1,000. To, idan manaja ya ce, "Haba malam, kaya da yawa haka, ai sai ka yi mana sauƙi, mun saya 700," mai lissafi ya san 700 sau 600 ita ce 420,000, ko uwar kuɗin ba ta mayar ba, sai ya ce albarka cikin ladabi, ya kuma nuna dalili a rubuce. Wanda bai yi lissafi ba kuwa zai sallama yana murna, sai a rana ta uku ya gane, daga nan ya fara tsarma sabulu, ya tsallake ɗauraya, ya tsere wa bushewa, ya faɗa cikin tauye mudun da Alƙur'ani mai girma ya yi wa masu yinsa narko a Suratul Muɗaffifina, domin tauye aiki ɗan'uwan tauye awo ne.

Wannan ba ya nufin ragi saboda yawa ba shi da asali. Yana da shi, amma a san daga inda yake fitowa. Kuɗin motar nan 60,000, in kujera 20 aka je wankewa, kowace ta ɗauki 3,000. In 600 ce, kowace ta ɗauki 100 kacal. Haka nan sabulun da aka saya a jarka ya fi na kwalba sauƙi, hannun ma'aikaci kuma yakan saba idan kujerun iri ɗaya ne. Daga nan ragi ke fitowa, iyakarsa ke nan kuma; amma mintocin da kowace kujera ke ci, da ruwanta, da man injinta, yawa ba ya rage su. Don haka ya kyautu mai sana'a ya tsara farashinsa hawa-hawa, na ƙasa da hamsin daban, na ɗaruruwa daban, ya kuma sa mafi ƙarancin kuɗin da zai fitar da shi daga gida. Mafi alheri ga ɓangarorin biyu shi ne yarjejeniyar shekara, a riƙa zuƙe ƙura a kai a kai, a cire tabo washegarin taro tun yana ɗanye, a yi babban wanki bayan hunturu da kuma gabanin lokacin da bukukuwa ke yawaita. Mai zaure ya sami sauƙin farashi da tsawon ran kujerunsa, mai wanki ya sami aikin da zai dogara da shi.

Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A rubuta adadin kujeru da irinsu, da abin da farashin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, da wanda zai kawo ruwa da wuta, da ranar farawa da ta gamawa, da kafin alƙalamin da za a bayar don sayen kayan aiki, da lokacin cika sauran. A ɗauki hoton duk kujerar da ke da yaga ko ƙuna ko tabon da ba ya fita, mai kaya ya gani ya amince kafin a taɓa ta. A kuma sa wa farashin wa'adi, mako biyu ko wata guda, domin tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda lissafin jiya kan kasa ɗaukar aikin gobe. Akwai kuma mas'alar lamuni, wadda Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo a cikin Risala: mai sana'a yana lamunin abin da ya ɗauka ya tafi da shi inda mai shi ba ya gani. Wanda ya kwashi kujerun mutane a mota zuwa shagonsa ya san nauyin da ya ɗora wa kansa ya fi na wanda ya yi aiki a cikin zauren mai kaya, ko da yake shi ma wannan, in ya yi sakaci ko ya ƙetare ƙa'idar sana'a, biya ya hau kansa. In kuwa an riga an sa hannu, sa'an nan aka ga an yi arha, to, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A cika alkawari, a gyara lissafi a kwangila ta gaba.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu masu zauruka da otal-otal, da manajojin da aka ba amana, ga taku nasihar. Idan mutum uku suka kawo farashi, kada ku duba na ƙasa kawai; ku tambayi kowannensu da wane inji zai yi, zai zuƙe ƙura tukuna ko kuwa, da me zai ɗauraye, sa'a nawa za su bushe, ku kuma ba kowanne kujeru kaɗan ya gwada ku gani da idonku, domin araha ba ta ado, kuma kuɗin sake wa kujera ɗari shida yadi ya ninka kuɗin wankinsu sau da yawa. Manajan da ke neman a ware masa kasonsa a ɓoye kafin ya ba da aiki ya sani cewa wannan ba la'ada ba ce, cin amanar maigidansa ne, kuma daga ingancin aikin za a zare kuɗin. Idan kuma an gama, kun duba kun gamsu, ku biya a kan lokaci, domin bayan mai kwangilar nan akwai leburori shida da suka yini a durƙushe, kowannensu da iyalin da ke jiran cefane.

Samarinmu masu sha'awar wannan sana'a, ku fara da ƙananan ayyuka, ku riƙe littafi kuna rubuta mintoci da kuɗin da kowane aiki ya ci, domin bayan 'yan watanni littafin nan zai fi kowa sanin farashinku. A nan za mu dakata. Allah ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, ya ciyar da mu daga halalinsa.